Kanagavalli, wadda ta sa littafi ya yi magana da harshenmu

Kowace safiya, ƙarfe takwas da kwata, Kanagavalli kan sauka daga bas a bakin kasuwar furanni ta birnin Madurai, ta hayo benen ofishin ƙungiyarmu ta makafi. Ban taɓa ganinta ba, don da makanta aka haife ni, amma na san hawanta. Takalminta na hagu yana ƙara, ƙanshin furen da ke gashinta kuma kan riga ta shigowa. Sai ta ajiye kwanon shinkafa da kindirmo a bakin taga, ta kunna fanka, ta kunna kwamfuta. Daga nan ba abin da za ka ƙara ji sai ƙwas-ƙwas ɗin yatsunta. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Duk Akka muke ce mata, yadda kowa ke kiran babbar yayarsa.

Da aka ce za ta ajiye aiki, sai aka ɗora mini rubuta wannan jinjina, wai ni ne malamin tarihi. Na zauna zan fara, sai na tarar ban ma san sunan aikinta ba. Na tambayi mijinta, ya ce, "Buga takardu take yi, ko ba haka ba?" Shugaban ƙungiya ya ce gyaran kwamfuta ne. Dole na je wurinta.

Ta ce, "Tambi, ƙanena, sau nawa zan faɗa maka? Littafin da na'urarka ke karanta maka, da tsarin XML aka shirya shi. Kowane yanki yana da alamar buɗewa da ta rufewa: nan babi ne, nan sakin layi ne, nan hoto ne. Kowace alama kuma ana liƙa mata sifa, a ce wannan da harshenmu na Tamil yake, wancan da Turanci."

Na ce, "To ke ce mai liƙawar?"

"A'a. Manhaja nake rubutawa, ita take liƙawa."

"Ashe manhajar ce ke aikin."

"Ilamaran, sha kofinka."

Har yau ban gane ba. Abin da na sani shi ne abin da ya same mu shekara goma sha huɗu da suka wuce.

Mu shida ne za mu zauna jarrabawar ɗaukar malamai. Saura kwana goma sha ɗaya littafin tarihin da za a yi tambayoyi a kansa ya iso, shafi ɗari shida, da Turanci, amma cike da baitoci da rubutun jikin duwatsu na Tamil. Muka sa shi a na'ura. Turancin lafiya lau, amma da ta zo kan Tamil sai ta kama gwaranci kamar mai magana da ruwa a baki. Ni na ɗauka na'urata ce ta lalace. Wani ya ce tsohon harshen Sanskirit ne. Muthulatchumi, wadda ta fi mu shekaru, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe kafin shekarunta su wuce ƙa'ida, sai kawai na ji ta tana jan majina.

Muka ɗunguma zuwa wurin Akka. Ta saurari shafi ɗaya, ta ce, "Ba lalacewa ba ce. Ba wanda ya gaya mata Tamil ne." Na ce yaya za a yi na'urar da ke zaune a Madurai ta kasa sanin Tamil? Ta ce in yi mata shiru. In da hannu za a bi, wata guda ba zai isa ba. Sai ta rubuta 'yar manhajar da ta ratsa littafin daga farko zuwa ƙarshe, duk inda ta ga haruffan Tamil ta kewaye su da sabuwar alama, ta liƙa mata sifar harshe. Kafin la'asar ta ce mu sake gwadawa. Muryar Turanci na zuwa bakin baiti sai ta ja baya, wata murya ta karɓa da harshen iyayenmu. Muthulatchumi ta ce, "Kai! Ashe waƙar da kakata ke yi ce."

Sai kuma hotuna. Duk inda na'ura ta zo kan taswira, sai ta ce "hoto" ta wuce. Akka ta sa manhajar ta buɗe gurbin bayani a ƙarƙashin kowane hoto, gurbi ɗari da talatin da takwas. Manhaja dai gurbi ta iya buɗewa, ba ta iya cika shi ba. Ke ce kika cika su, Akka, ɗaya bayan ɗaya, shinkafarki na bushewa a bakin taga.

Ba zan ɓoye kuskurenta ba, don ita ma ba ta ɓoye ba. Kwana uku kafin jarrabawa na ji na'urata ta ce, "Taswirar kogin Kaveri. Mutum ne a zaune, mai dogon gemu." Na kira Muthulatchumi, muka yi ta gardama ko a zamanin da haka ake zana koguna. Ashe manhajar ta goce da gurbi ɗaya, kowane bayani ya koma kan hoton da ke gaba. Da Akka ta ji, sai ta ce, "Wayyo, aikina ne." Ta gyara, ta hau bas uku ta kai wa kowannenmu nasa har gida. Mu huɗu muka ci jarrabawar. Muthulatchumi yanzu shugabar makaranta ce a garin Dindigul.

Akka, ke ce ba ki taɓa sa sunanki a kan littafi ko ɗaya ba. Mai buɗe gurbi, mai cika shi. Littattafai sun fi dubu, kuma ba wanda ya san hannunki ya bi ta kansu sai ranar da aka samu matsala.

A makon jiya ne na san dalilin ajiye aikin. Idanunta ne suke tafiya, likita ya ce ba za su dawo ba. Da kanta ta faɗa mini, sannan ta ce, "Tambi, koya mini sauraro." Na sa mata abin ji a kunne, na kunna yadda na saba. Ta yi tsalle ta ce, "Wannan wane yare ne kuma? Rage mata gudu, don Allah! Haka kuke ji duk shekarun nan?" Na rage, na ƙara ragewa. Ta yi kusan rabin sa'a tana saurare. Na rasa gane ko kuka take yi. Can sai ta zare abin daga kunne, ta ɗaga murya ta kira Tamarai, wadda za ta gaje ta.

"Shafi na ɗari biyu da sha biyu. Akwai hoton da ba shi da bayani. Zo ki duba mini, in faɗa miki abin da za ki rubuta."

Mun gode, Akka. Ku kuma masu ido da ilimin kwamfuta, akwai littattafai ɗari uku a ofishinmu da har yanzu ba su iya magana ba. Ku hayo benen ranar Asabar. Za ku same ta a kujerar kusa da taga, ita ba za ta gan ku ba, amma za ta nuna muku inda za ku fara.