Tsaga Biyu a Kunnen Dama

Mun tashi daga Magarya gari bai gama wayewa ba, ni da ƙanwata, cikin wata tsohuwar mota da sai an tura ta take yarda ta tashi. Inna ce ta aike mu. Idonta ya soma dushewa, kuma tun shigowar damina take cewa: "Ku je ku gano mini ko da sauran mai tuna sunana."

Inna Bafillatana ce, Baba kuwa manomi. Shekara arba'in da wani abu ke nan shanu suka shiga gonaki kafin a kwashe hatsi, aka yi faɗa tsakanin ƙauyen su Baba da rugar su Inna, aka ƙona bukkoki, ƙaninta ya rasu. Duk da haka, da shekara ta kewayo ta auri Baba, saurayin nan da ke sayen nononta kullum ko ba ya jin yunwa. Mahaifinta ya ce ba shi da ɗiya, rugar ta tashi ta yi gabas. Mu kuwa muka taso a tsakiya, a lakwal, wato makarantar boko, ana ce mana 'yan Fillo, masu tallan nono suna ce mana 'ya'yan Kaɗo.

Hanyar Dungas ta yi kyau a kakar nan. Gero ya sunkuyar da kai dama da hagu, hazon safiya na kwance a gindin gawo, har na riƙa gyangyaɗi ina ganin kamar gonakin ne ke tafiya mu muna tsaye. A tasha muka ci ƙosai na dala ashirin da kunu mai zafi. Ƙanwata ta ce ƙosan ya yi tsada, amma ita ta cinye rabona.

Daga Mallawa sai amalanke. Ba mu san sunan wuri ba, ba mu da lambar kowa. Abin da Inna ta ba mu kawai shi ne shaidar garken gidansu: tsaga biyu a kunnen dama, a yanke bakin na hagu. Haka take yi wa awakinta a cikin gari tun muna yara, mu muna zaton don ɓarayi ne.

Rijiya uku muka tsaya ina leƙa kunnuwan shanun mutane, har wani makiyayi ya tambaye ni ko likitan dabbobi ne ni. A ta huɗu, da la'asar sakaliya, garke ya gangaro daga tudu, ƙahoni na ta rausaya cikin hasken rana. Wata jar saniya ta sa baki a kwamin shan ruwa, ta kaɗa kunne. Tsaga biyu. Sai da na dafa amalanken.

Mai garken dattijo ne dogo, hancinsa da goshinsa sak na Inna. Yayanta ne. Muka durƙusa muka gaishe shi, na faɗi ko mu su wane ne. Ya daɗe yana kallon guga, tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san ƙanin da aka kashe nasa ne shi ma.

"Tana da rai?"

"Tana nan, Kawu."

Bai ce mana sannu da zuwa ba. Ya juya ya yi wani kira mai tsawo, sai jajayen shanu suka ware daga garken suka nufo shi. Ya ce ranar sunan Inna an ba ta 'yar maraƙa, kamar yadda ake ba kowane ɗa, waɗannan duka jikokin maraƙar ne.

"Tsoho ya hana a ambace ta, amma bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Shekarar da aka yi fari ma nasa ya sayar. Shanun Dije muke ce musu."

Ban taɓa jin wani ya kira Inna da sunan nan ba. Ƙanwata ta fashe da kuka, ni ma ban tsira ba.

A rugar muka kwana, aka dama mana fura da nonon da ya sa na raina duk wanda na taɓa sha. Da safe Kawu da kansa ya tatsi jar saniyar, matarsa ta tafasa madarar, ta cika mana gora. Bai ce zai zo ba, bai ce a kawo Inna ba. Ya dai tambaye ni wace rana ce kasuwar Magarya, har sau biyu.

Mun iso gida bayan magariba, jiki duk ya yi tsami. A hanya nake tunanin yadda na yi shekaru ina jin kaina rabi nan rabi can, ashe a can ma ana kiwon rabona ban sani ba. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: mutum na iya hana bakinsa faɗin suna, hannunsa kuma ya ci gaba da shayar da abin mai sunan.

Inna na zaune bisa tabarma. Na miƙa mata gorar. Ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki jim kaɗan kafin ta haɗiye.

"Jajaye ne har yanzu?" ta ce.