Ranar da Motata Ta Bar Ambursa

Shekaruna saba'in a yau, kuma shekara goma ke nan da na ƙaura daga Ambursa zuwa Kaduna. Tsohuwar motata ba ta iya doguwar tafiya, sai muka ɗora ta a kan tirela. Ita kaɗai ce mota a unguwarmu, da ita ake kai masu naƙuda asibiti a Birnin Kebbi. Maƙwabcina, wanda maiɗakinsa ke da tsohon ciki, shi ya ɗaure igiyoyin da hannunsa, ya ce, "Alhaji, Allah ya tsare hanya." Na kasa duban idonsa. Daga baya na ji a kan babur aka kai matar tasa asibiti, alhali motata tana ajiye ƙarƙashin rumfa a Kaduna. Yayata da direban tirelar suna wurin ranar da ya ɗaure igiyoyin nan.