Shekara huɗu ban taɓa kunnen Duna ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu cigiyata kwana biyu, ina nan da raina, jinya ce ta ɓoye ni. Kada ku yi dariya, jinyar kare na yi.

Duna sunansa. Shi ke gadin tumakinmu a bayan Faskari, kuma kun san halin da ake ciki na ɓarayin dabbobi. Wanda ba shi da kare a garke, barcinsa rabi ne.

Da farko abinci ya ƙi. Sai kwanciya, sai rama, rannan kuma jini ya ɓalle mashi ta hanci.

Mahaifina na ganin jinin ya ce, "Haukan kare ne. A kashe shi kafin ya ciji yara."

Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu."

Ya ce, "Biyu, ban da na uku."

A kwando na ɗaure shi bayan mashin har Kankara, wajen wani likitan dabbobi. Hanyar nan ta gama da bayana.

Likita ya ce in riƙe mashi kan. Na tsaya sororo. Wallahi shekara huɗu muna tare, daga nesa nake jefa mashi tuwo. Haka muka taso, ba a taɓa kare. Na daure na riƙe, ya buɗe kunnen. Kaska ce dam, ta sha ta ƙoshi.

Ya ɗibi jini ya ɗiga a wani ɗan abu kamar na gwajin maleriya. Minti goma muna jira. Ya ce, "Malam, wannan ba alamun hauka ba ne. Ciwon kaska ne, ga shi ya nuna."

Gwaji da magani sun cinye mani ɗan akuya. Ƙwaya kullum, har sati huɗu, ina cusawa cikin tuwo yana tofarwa, ina sake cusawa. Na gaji, Allah ya sani na gaji.

Da ya miƙe muka koma aka sake gwadawa, gwajin ya sake nuna ciwon. Na ce, "Wato bai warke ba ke nan?" Likita ya yi dariya ya ce gwajin sawun ciwon yake gani a jini, kuma sawu kan daɗe bayan mai shi ya wuce. "Dubi dasashinsa, ya yi ja. Karenka ya tashi."

Alhamdulillahi. Na gode wa likitan nan, da maiɗakina da ta jure warin kare a kayana.

Shawarata: in karenku ya ƙi ci, a gwada jininsa kafin a ɗauko sanda. Ku sa leda a hannu ku duba kunne da tsakanin yatsu duk sati, sabulu bai ƙare a kasuwa ba.

Jiya da hantsi na iske Baba tsugune a garke, leda a hannu, yana cire wa Duna kaska. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Saura kwana ɗaya fa, da na ɗauki alhakinsa. Kai kuma kada ka sa ni a wayar nan taka."

Baba, a yafe mani, na sa.