Inda Allura Take

Ƙamshin gabu, busasshen ganyen albasa, shi ne ya mai da ni baya. Ina ƙulla shi don ɗiyata ta fari, wadda za ta shiga jami'a a Tawa, sai na ga kaina a ɗakin kakata a Badaguishiri, a irin ranakun da ganyen albasa ke bushewa bisa rumfa, iska tana ɗauko ƙamshin daga fadama.

Kakata ba ta gani, amma ban taɓa ganin ta tana lalube ba. Hannunta yakan tashi a hankali ya sauka daidai kan abin da take so: ludayi a ragaya, kanwa a ƙoƙo, allura soke a jikin zana daidai kafaɗarta. Ina yarinya, na ɗauka kayan ne ke zuwa wurinta.

Wata safiya tausayi ya kama ni. Na share mata ɗaki, na jera komai yadda ya yi mini kyau. Da na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar da ita zaune, yagaggen zane a cinya, ko fura ba ta dama ba.

"Wa ya kwashe min idanu?" in ji ta.

Na fashe da kuka, ita kuwa ta yi dariya. "Zo nan, sarauniyar gyara. Miƙo min su ɗaya-ɗaya." Da hannunta ta mai da kowane wurinsa. "Abin da hannunki bai aje ba, ba naki ba ne."

Ni karatuna a aji shida ya tsaya, ban san yadda jami'a take ba. Wa zai tashi ɗiyata da safe? Wa zai tuna mata ranar jarrabawa? Sau uku na shirya akwatinta, sau uku na zazzage. Na sa takardu a ƙasa don kada su faɗi, na dawo da su sama don kada mai ya ɓata su.

"Inna, ina takardar bak ɗina?" ta tambaye ni, tana nufin shaidarta ta gama sakandare.

"Tana nan, na adana."

"To can fa, wa zan tambaya?"

Na dubi gabun da ke hannuna. Sai na juye akwatin a tabarma, na koma gefe na naɗe hannu. Ta shirya da kanta. Ta sa sabulu kusa da gabu, bakina ya yi ƙaiƙayi, na haɗiye maganar.

Da ta gama na ce, "Rufe idonki, ba ni takardar."

Hannunta ya tashi a hankali, ya sauka daidai.

Yau ba ragaya a ɗakunanmu, akwati ne mai taya. Ta tafi makon jiya. Har yanzu ina tunanin miyarta za ta yi warin sabulu, amma ban kira ta na faɗa ba. Ta san inda ta aje shi.