Siririyar Muryar Baba

Mahaifina ƙato ne mai gemu, in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun watse. Amma in aka fita gayya a gonakin Likoro, makaɗa suka ɗora gula a kan ganga, sai wata murya ta fito daga ƙirjin nan, siririya, can sama, tas da ita. Ba shi ke ba da waƙa ba, ɗan amshi ne. Su huɗu ne 'yan amshin, uku suna amsawa a ƙasa, shi kaɗai a sama, don tasa ce ke tsallake ganguna ta isa ga mai garmar da ke ƙarshen gona.

Ni kuwa kunya nake ji. A makaranta abokai kan matse hanci su kwaikwaye shi, su ce babana ya ari muryar innata.

Da na tashi neman aure a Makarfi, na same shi yana gyaran ƙota. Na tsuguna na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Baba, da ka huta da amshin nan haka. Mutanen can suna bincike."

Ya ajiye ƙotar. Ya ce, "Su suka faɗa, ko kai?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To."

Bai ƙara yi ba. Daga baya surukina ya ba ni labari da bakinsa, wai yana saurayi har Likoro yake takowa don ya ji shi. Kafin in yi ƙarfin halin ba Baba haƙuri, maganin feshi ya karɓe noma, gayya ta mutu, makaɗan suka watse.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, na zauna a gefen tabarmarsa, na kunna waya tana ɗauka. Na ce, "Baba, ko baiti ɗaya ka yi mini, jikokinka su ji."

Ya yi murmushi, ya ɗaga haɓa, ya ja numfashi. Iska ce kawai ta fito, sai tari. Ya sake gwadawa, haka dai.

Ya ce, "Hanyar da aka daina bi, ciyawa ke cinye ta. Kashe abin nan, kada cajinka ya ƙare a banza."

Ya rasu kafin a yanke dawa. 'Ya'yana sun ji ana cewa kakansu mai murya ne, sukan ce in kunna musu. Abin da nake da shi ke nan, tari biyu da wannan magana. Har yau ban iya gaya musu wanda ya sa ya yi shiru ba.