I'inar da Aka Koyo a Makaranta

Zama da yaro yana koyon karatu wahala ce, kuma ba wanda ya gaya mini kafin abin ya faɗo kaina. Na yi noman citta tun ina saurayi. Na yi dako a tashar Kafanchan, na yi haƙar rijiya. Waɗannan duk jiki ne ke gajiya, ka kwanta ya wuce. Wannan kuwa cewa aka yi in zauna in rufe bakina alhali na san amsa, kuma uwar da ta haife ni tana gefe tana harara ta.

Autata ce, tana aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu, can bayan Kwoi. Matata ba ta yi boko ba, kuma kasuwa ba ta barin ta da sauran ƙarfi. Ni na kai aji huɗu kafin gona ta janye ni. To a gidanmu ni ne mai ilimi, Allah ya kyauta.

Lokacin tonon citta ne. Da yamma muna ƙarƙashin mangwaro muna tsaga ta da wuƙa don shanya, ni da mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar babanmu. Sai yarinyar ta zo da wani ɗan littafi, ta ce Anti, wato malamarsu, ta ce ta karanta wa wani babba a gida. Na goge hannu na karɓa. Siriri ne, katin awo na asibiti ma ya fi shi kauri. Na buɗe. Kaka na nan. Mama na nan. Na juya baya ina neman inda labarin yake. Babu.

Na miƙa mata, na ce bisimilla.

Ta ɗora yatsa a kan kalma ta fara: "Mmm. Aaa. Mmm. Aaa." Ta tsaya. Ta sake, da ɗan sauri. "Ma. Ma. Mama."

Na ce, "To da kin ce mama tun farko ai da mun wuce. Na gaba kuma, na ne. Ce na."

Ta janye littafin. "Baba, kada ka faɗa. Anti ta ce kada a faɗa mana."

Ta koma kan kalmar farko ta layin sama. "K. K. K. Aaa."

A nan ne mahaifiyata ta ajiye wuƙa. Ta tambaye ni da yarenmu, ba da ƙarfi ba, "Me ya sami bakin yarinyar nan?"

Sai an san ƙanena kafin a gane tambayar. Yana da i'ina tun yana ƙarami. A makaranta in malam ya tashe shi karatu sai kalma ta maƙale, aji ya fashe da dariya, bulala ta biyo baya. Bai gama aji uku ba. Yanzu yana facin taya a Kafanchan, yana da mata da yara, amma za ka yini da shi ba ka ji ya haɗa magana mai tsawo ba. Mahaifiyarmu ta tsaya a kan cewa ba da ita aka haife shi ba, wai kwaikwayon wani tsoho mai i'ina ya riƙa yi da wasa har ta kama shi. Haka mutanenmu suka yarda. Ni ban san gaskiyar abin ba. Amma ga jikarta a gabanta tana k-k-k, kuma wai makaranta ce ta sa ta.

Na ce karatu ne. Ta ce, "Kai ma ka yi karatu. Haka ka yi?"

Ba haka na yi ba. Mu malam ne ke faɗa, mu amsa da ƙarfi har mu haddace.

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan 'yan kwanaki na bar citta a kan dutse tana shan rana, na hau mashin na je makarantar. Ban shiga ba, na tsaya a taga. Aji guda cur yana "sss" kamar taya ta yi faci, kowane yaro yana karkaɗa hannu. Sai malamar ta ɗaga wani kati, suka koma "mmm" suna shafa ciki. Na ce a raina, in mahaifiyata ta ga wannan, fasto za ta kira.

Malamar yarinya ce ƙarama, mutuniyar wajen Madakiya. Ta hango ni ta ce, "Baba, ba a koyarwa ta taga. Shigo."

Na jira har aka fita tara. Na gaishe ta, na ce, "Malama, ki yi haƙuri, ni ba na iya kwana-kwana. Wannan karatu ne ko ciwo?"

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce ba ni ne na fara tambaya ba. Ta ce kowane harafi yana da sautinsa, kuma sautin take koya musu, ba sunan ba. In yaro ya riƙe sautuka, ya iya jera su, zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Da Hausa suka fara saboda ajin akwai Jaba, akwai Bajju, akwai 'ya'yan Fulani, kuma Hausa ce kowa ya shigo da ita. Turanci yana zuwa ta wannan hanyar.

Na ce, "To littafin fa? Ba komai a ciki. Kaka na nan, mama na nan. Mun san suna nan."

Ta ce da gangan ne. Ba kalma ɗaya a ciki da ke da harafin da ba ta koya musu ba. In ta sa musu kalmar da ba su da kayan haɗa ta, hoto za su kalla su canka, ko su kalli bakin babba. Duk lokacin da suka ƙara sauti, littafi na gaba zai ƙara faɗi.

"Ni mene ne aikina?"

"Ka zauna ka saurara. Kada ka faɗa mata."

"In ta tsaya fa?"

"Ka jira."

"Har yaushe?"

"Har ka ji kamar za ka fashe, Baba. Sannan ka ƙara kaɗan."

Na dawo na yi yadda ta ce, kuma ban ji daɗinsa ba. Ka ga kalma ƙarara kamar akuya a tsakar gida, yarinya tana zagaye ta, ba dama ka nuna. Na riƙa matse wuƙa. Sau da yawa na tsaga citta ta karkace.

Amma da yake ba a bar ni in yi magana ba, sai na koma kallo. Na riƙa kallon bakinta da fuskarta, ina gwada su da na ƙanena. Shi ya san kalmar, tana bakinsa ta ƙi fita, wuyansa ya ɗaure, idonsa ya rufe. Ita ba ta san kalmar ba, nema take yi, fuskarta kwance kamar mai tsintar tsakuwa a cikin acca. In ta samu sai ta ɗago ta dube ni. In ta rufe littafi kuma ta shiga cikin yara, surutu kamar rediyo, ba inda yake maƙalewa.

Na gaya wa mahaifiyata haka. Ta ce, "Shi ma da wasa ya fara."

Wani abu kuma ya same ni da ban zata ba. A kan hanya na fara gwada abin a rubutun bayan motoci. Sai na gane ni kalmomi nake sani kamar fuskokin mutane. Wadda na saba da ita na gaishe ta, baƙuwa kuma na wuce ta kamar ban gani ba. Shekara da shekaru haka nake karatu. Wata rana a bayan wata motar itace na bi wata doguwar kalma gaɓa-gaɓa har ta fito, na kusa shiga rami. Ban gaya wa kowa ba.

Da Kirsimeti ƙanwata ta zo daga Kwoi da 'yarta, wadda ta girmi tawa da kaɗan, tana wata makarantar kuɗi a cikin gari. Aka ce ta yi mana karatu. Ta miƙe, ta riƙe littafi, ta zubo Turanci shafi guda ba numfashi. Aka tafa. Mahaifiyata ta juyo ta ce, "Ka ji karatu."

Na lura idon yarinyar yana kan reshen mangwaro, ba kan takarda ba. Ni ma na tafa. 'Yar mutane ta yi ƙoƙari, kuma ni ma da irin wannan karatun na girma, bai kashe ni ba. Gaskiya ma, ya fi daɗin ji.

Kafin su koma, mahaifiyata da ƙanwata sun gama magana. In aka koma hutu autata za ta tafi Kwoi ta zauna wurin ƙanwata, ta shiga waccan makarantar kafin bakinta ya gama lalacewa. Har an bar mata tsohon yunifom ɗin 'yar uwarta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. A gidanmu kuwa in ka yi shiru a gaban uwa, ka yarda ke nan. Matata ta ce mini, "Kai ne ubanta." Wannan ba taimako ba ne.

Lahadin ƙarshe ta hutu, zumuntar mata ce ta yi waƙa a coci, don haka mahaifiyata tana ɗaure da zanen ƙungiyarsu, mai rubutu a zagaye. Bayan mun ci abinci ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta sa yarinyar tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitson tafiya. Ta danne kanta ƙasa don ta kama na ƙeya, fuskar yarinyar ta zo daidai kan zanen.

Sai na ji, ƙasa-ƙasa, "Mmm. Aaa. T. T. Aaa."

Mahaifiyata ta ƙwanƙwasa mata mataji. "Daina."

Yatsanta bai bar zanen ba. "Ma. Ta. Mata." Ta matsa. "Mmm. Uuu. Mu."

Hannun mahaifiyata ya tsaya a cikin gashin. Ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da ke jikin zanen, an faɗa musu ranar da aka raba shi. Mata mu tashi mu kama aiki. Ta sha faɗa mana.

Yarinyar ta shiga kalma ta uku. "T. Aaa. Ta. Sss." Ta tsaya. "Ta. Sss." Harafin da ke biye ba ta san shi ba. Ta sake, ta sake. In dai kunne kawai za a bi, to a lokacin ta yi kama da ƙanena sosai, ba zan ɓoye ba.

Na ga bakin mahaifiyata ya buɗe za ta ba ta kalmar.

Na ce, "Mama, bar ta."

Ban taɓa ce mata haka ba, a kan komai. Matata tana wanke tukunya, ta ƙara sunkuyawa ciki. Mahaifiyata ta dube ni, na dubi ƙasa, amma ban janye maganar ba.

Muka jira. Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu. Yarinyar ta gwada sau ɗaya kuma, sannan ta ce, kanta a ƙasa, "Wannan Anti ba ta ba mu ba tukuna." Ta tsallake. "Mu. Ka. Ma. Kama. A. I. Ki. Aiki." Ta ɗan karkato kai. "Kaka, wane aiki za ku kama?"

Mahaifiyata ta gyara mata kan da ƙarfi. Ta ce mini, "Ka gani. Ta kasa."

Na ce, "Ɗaya ta kasa. Sauran fa, wa ya faɗa mata? Ba su cikin littafinta."

"Ta sha ji a bakina."

"In a bakinki ta ji, da ta faɗi wadda ta tsallake."

Ta ci gaba da kitso, tana ja fiye da yadda ya kamata. Can ta ce, "'Yarka ce. In bakinta ya zama na ƙanenka, kada ka kawo mini ita." Har aka ci tuwon yamma ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ban ce na fi ta sani ba. Ta ga abin da ya sami ɗanta, ni kuma ban san inda i'ina take fitowa ba har yau. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda yarinyar ta kai inda saninta ya ƙare, ta faɗa ba tsoro, ta wuce. Mu a daidai wurin nan ne muke fara kare kai da hannu. Na so in ga inda wannan hanya take kaiwa, kuma in ta tafi Kwoi ba zan gani ba.

Washegari na gaishe da mahaifiyata, ta amsa a taƙaice. Na naɗe yunifom ɗin aro na sa a leda na ɗaure a bayan mashin. Na ce wa yarinyar ta sa nata na da. Na ɗora ta a kan tanki, na kai ta firamaren ƙauye.

Malamar tana share aji da yara. Na ɗauki tsinke na zana mata haruffa biyun nan na tsakiyar kalmar tashi, s da h, a ƙasa, na ce, "Yaushe za ki ba su wannan?"

Ta duba ta ce, "Saura kaɗan, akwai wasu a gabansu. Kada ka riga ni, Baba."

Na ce ba zan riga ta ba. Na tayar da mashin na kama hanyar Kwoi, in mayar wa ƙanwata kayanta in kuma sha faɗanta.