Jar Saniya a Bayan Injin Niƙa

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Na taɓa shafe fiye da shekara ina ƙoƙarin azurta mutumin da bai roƙe ni ba, kuma ban yi nasara ba. Ni da malamin elemantare ya sallama tun ina aji biyu, ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar faranti, ni ne na naɗa kaina malamin arziki.

A lokacin ina dillancin shanu a kasuwar Maigatari. Shi kuwa mutumin, Mai Inji kowa ke ce masa, don shi kaɗai ke da injin niƙa a unguwarmu. Kirista ne daga kudancin Zariya, tsohon soja, da kuɗin sallamarsa ya sayi injin bayan yaƙin basasa. Kada ka zaci irin mutanen nan ne da ba su san daɗin kuɗi ba. Ya sani sarai. In ka kawo kwano biyar ka ce huɗu ne, a gabanka zai sake awo yana fito. Amma ran Lahadi ko gari zai kwana da tsaba ba ya tada inji. Sai ya sa farar riga, shi da matarsa su hau mota zuwa Gumel sujada.

Ga al'adar gidan niƙa, duk garin da ya zube ƙasa na mai inji ne. Da yamma ya share, ya tara a buhu. A shekarun ƙoshi wannan shara abincin kaji ce. Sai ga shekarar fari, jim kaɗan bayan an canza fam zuwa naira, damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare ƙaf. Shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanyar kasuwa. Nan idona ya buɗe, na ga duk wanda ke da sharar inji yana zaune a kan zinariya.

Wata Alhamis wani dattijon Bafulatani daga wajen Sule Tankarkar ya shigo kara, wajen cinikin shanu, da jar saniya, yana ja ana tura masa. Mu Mangawa akwai wasa tsakaninmu da Fulani, don haka na ce, "Baffa, wannan saniya ce ko itacen rumfa aka yafa wa fata?"

Ya ce, "Rufe min baki, Bamange. Ku da ba ku san saniya ba sai a tukunya."

Bakinsa na wasa, idonsa kuwa ba ya yi. Mahauta sun taya ta kuɗin da bara ba zai sayi tunkiya ba. Na ja shi sai gidan niƙa.

"Soja," na ce, "yau arziki ya zo ƙofarka da ƙafa huɗu, ko da yake biyu ne ke aiki. Saye ta, ka ɗura mata shara, damina na sauka ka ninka kuɗinka har ka gaji."

Ya kashe inji, ya fito fari fat kamar aljani, ya zaga saniyar. Sannan ya dubi dattijon. "Baba, in ka sayar da ita me ya rage maka?"

Dattijo ya ɗaga sandarsa. Ya ce garke guda ne ya ƙare, ita kaɗai ta saura, kuma daga tsatson shanun mahaifinsa take. Amma yara na kwana da yunwa.

Mai Inji ya ce, "Dillali, yunwa ce ta karya mata daraja. In na saya a wannan kuɗi, ni da yunwa mun haɗa jari ke nan." Ya shiga ciki ya fito da gero a buhu, daga kason da yake warewa na Allah, ɗaya cikin goma na duk abin da ya samu. Ya ce wa dattijon wannan ba bashi ba ne, ba kuma kuɗin saniya ba. Ya ce ya bar saniyar nan ta ci shara, ranar da ya sami sukuni ya zo ya ɗauki abarsa. Dattijo ya tsaya kamar bai ji Hausa ba. Daga baya ya shafa wuyan saniyar, ya yi mata magana da Fillanci, ya ɗauki buhu. Muka ji ya kwashe iyalinsa sun yi kudu neman abinci.

Saniya ta ci shara, ta miƙe. Damina ta gaba ta yi kyau, saniya ta yi ɓul-ɓul, aka riƙa tura ta kiwo cikin garken gari har ta ɗauki ciki. Shanu kuwa sun yi wuya, wanda ke da saniya mai ciki sai ya yi tafiyar ƙasaita. Dattijo shiru, ko saƙo babu.

Bayan kaka inji ya buga. Makaniki ya zo daga Gumel ya ce sai an sayo ƙarfe a Kano, ya faɗi kuɗin da ya sa Mai Inji ya zauna a kan turmi. Na ce madalla, yau zai ji maganata. Na kawo masa wani alhaji da kuɗi a aljihu, abin da zai gyara injin har a sami canji.

"Soja, mutumin nan ko ya mutu ko ya manta. Kai ka raya ta. Ko gaban alƙali aka je, kana da magana."

Ya ce, "Ina son injina ya tashi fiye da yadda kake so. Amma mu abin da aka koya mana, duk abin da ke hannun mutum jiran shago yake yi. Injin ma ba nawa ba ne, balle saniyar da na san mai ita."

Na ce, "Ai mu ma haka malamanmu ke faɗa."

Ya ce, "To ka hutar da ni fassara."

Alhaji ya yi dariya ya tafi, ni na rasa inda zan sa fuskata. Mai Inji ya rufe shago ya tafi Gagarawa Tasha dakon buhuna, tsohon soja da furfura a gemu. Matarsa ta kama tuyar ƙosai. Tun da babu niƙa babu shara, harawa suke saya wa saniyar wani. Duk ranar da ya dawo gida sai na je da sabon mai saye, har matar ta fara ɗaga min ludayi tun daga nesa. Ban taɓa jin ya yi wa kowa wa'azi ba, ban kuma ji ya ce abin bai dame shi ba. Ya rame, ya riƙa tsaki, ya tara kuɗin ƙarfensa a hankali har inji ya tashi.

Ana shirin shuka dattijon ya dawo, ya ƙara tsufa, da takalmin taya a ƙafa. Bai tambayi kowa ba, daga bakin hanya ya yi wani kira, saniya ta amsa daga bayan inji. Ya zagaya ya same ta da 'yar maraƙa tana tsotso. Ya durƙusa a wurin, mu kuma muka ba shi baya muna kallon injin kamar ba mu taɓa ganinsa ba.

Da ya tashi ya ce maraƙar ta Mai Inji ce. Mai Inji ya ce garke ba ya tashi da saniya ɗaya, ya tafi da su duka, in ya so a riƙa aiko masa da man shanu, don matarsa ta gaji da man gyaɗa. Suka yi ta ja har dattijo ya sallama.

Ni kuwa hali zanen dutse. Ya kama igiya zai tafi, na bi shi na ce, "Baffa, ni fa na haɗa ku. Ina la'adata?"

Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Bamange, la'ada ai ta ciniki ce. Gaya min abin da aka sayar a gidan nan, in biya ka."